Tsakuwar Figuil da jan ruwan ramin zinare

Duk wanda ya ce maka zuba tsakuwar farar ƙasa a bakin tsohon ramin zinare shi ne maganin jan ruwan tsamin da ke fitowa daga ciki, tambaye shi ko ya koma ya duba bayan damina.

Lambunmu na albasa yana ƙasa da wasu ramuka da masu haƙa suka bari a yankin Mayo-Rey, arewacin Kamaru. Duwatsun da suka tara suna da wani dutse mai ƙyalli kamar zinare da ke ruɗar baƙo, ƙarfe ne haɗe da farar wuta. Iska da ruwa na taɓa shi sai ya saki tsami. Ruwan ya gangaro ja wur, ko kwaɗo ba ka ji a ciki. Takardar gwajin tsami ta nuna 3, alhali ruwan kirki kusa da 7 yake.

Muka haɗa kuɗi muka ɗauko tarkacen dutse daga Figuil, garin siminti da farar ƙasa, don dutsen farar ƙasa yana kashe tsami. Kuɗin motar ya fi na kayan, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da farko kamar wasa, ruwa ya washe. Ashe ƙarfen da ke barin ruwan a kan tsakuwar yake kwanciya. Kowace ƙwaya ta yi riga ja, ka fasa ta ka ga cikinta fari fat, ba abin da ya ci. Ruwa ya dinga wucewa da tsaminsa, mu kuwa mota guda ta zama ado!

Wani ɗan kawuna da ya yi karatu a Ngaoundéré ne ya ce, "Yaya, iska ce ke cutar ku. Ku binne tsakuwar." Muka haƙa kwalbati, tsakuwa a ƙasa, kashin shanu da buntun shinkafa a kai, aka danne da yumɓu. Takin yana shanye iskar kafin ruwa ya kai ga dutse, tsatsar ba ta samun kamawa. A mafita muka yi ɗan tafki inda jan taɓon zai kwanta.

Ƙurar siminti ta fi saurin aiki, amma tana cin hannu, kuma in ta yi yawa ruwan ya zarce ya koma kamar kanwa. Kaɗan-kaɗan ake sa ta, da safar hannu.

Shanu dai har yanzu ba ma barin su sha. Tsami ya ragu, amma masu haƙa sun yi aiki da ruwan zaiba a wurin, farar ƙasa kuwa ba ta cire wannan.