Tulun da na wanke

Shekara bakwai ke nan ina zama a rumfar kawuna, ƙanen mahaifiyata, kusa da kasuwar Dole a nan Damagaram. Tsofaffin kaya yake saye yana sayarwa: akushi, takobi, zabira, da tukwanen ƙasa masu zane irin waɗanda masu tara kayan tarihi ke nema. Ɓangaren tukwanen ya bar mini, kuma a makona na farko na yi ɓarna.

Wata tsohuwa daga Birni ta aiko jikanta da wani tulu mai dogon wuya, an zagaye kafaɗarsa da zanen fari da ja, duk ƙura ta rufe shi. Kawu ya tafi sallar la'asar, ni kuwa na ɗauko soso da sabulu don in gyara shi. Kafin ya dawo, rabin farin ya bi ruwa. Ya daɗe yana jujjuya tulun a hannu, sannan ya ce, "Ɗana, farar ƙasa ce, bayan an gasa tulun aka shafa ta. Abin da ka wanke shi ne kuɗin." Ya biya tsohuwar kamar zanen bai taɓu ba. Tulun yana nan a kusurwa har yau. Tun ranar, da busasshen tsumma kawai nake taɓa tsohon kaya.

A hankali ya koya mini dubawa. Kada zane ya fara ɗauke maka ido, kifa tukunyar ka ga gindinta. Wadda ta shekara talatin a kan yashi ko gammo, gindinta ya sha gugar zama, ya yi sulɓi a daidai inda take taɓa ƙasa, bakinta kuma ya yi duhu inda hannu ke kamawa. Wadda aka tsufar da ita da gangan, aka turara ta da hayaƙin kara ko aka binne ta kwana biyu, tsufanta ko'ina ɗaya ne, har inda hannu ba ya kaiwa. Sai ka ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa: lafiyayya tana amsawa da ƙara, mai ɓoyayyen tsagu muryarta a dishe take. Fentin gwangwani yana ƙyalli, jar ƙasa da farar ƙasa ba sa yi. Abin da aka tono daga ƙasa kuwa, irin na Bura, wani wurin tarihi a yammacin Nijar, kawu ba ya ko tayawa, don dukiyar ƙasa ce, doka ta hana fita da shi.

Duk wannan ido ne da kunne, ana koyonsa cikin shekara biyu. Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da kusan kowane mai saye daga Yamai ko Kano yake yi: wa ta gina? Ladi Kwali, fitacciyar mai ginin tukwane wadda hotonta ke jikin naira ashirin ta Najeriya, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, kuma ana buga hatimin LK a kayan da ta yi a can. Haruffa biyun nan kan kai tukunya wani farashi dabam. Matan Mirriya, waɗanda ba su kai kilomita 20 daga nan ba, sun ƙare rayuwarsu suna kwaɓa yumɓu suna zane, amma aikinsu na fita daga hannunmu a matsayin "tukunyar Damagaram" kawai. Wannan yana yi mini ciwo. Wasu dillalai kan ƙirƙiro labari su liƙa wa kaya. Ni na sayi littafin rubutu.

Duk tukunyar da ta shigo, ina rubuta gidan da ta fito, ko ta kayan ɗakin wa ce, da abin da aka zuba a cikinta. Inda mai kawowa ya ce bai sani ba, haka nake rubutawa.

Bara na ɗauki hoton wata randa a waya, na tafi da shi Mirriya. Na yi ta nuna wa maginan tukwane, har na isa wurin wata tsohuwa da ke zaune tana shafe bakin kasko da jiƙaƙƙen tsumma. Ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da ido. Ta nuna wasu ɗigo uku a ƙarƙashin kowane layi, ta ce, "Wannan hannun innata ne. Ita kaɗai ke sa uku." Na ce, "Inna, faɗa mini sunanta." Ta faɗa, na rubuta, sai ta ce in karanta mata abin da na rubuta ta ji.