Kwanan tanti a bakin teku, can bayan matatar Dangote

Akwai 'yan'uwanmu da suka shekara ashirin a Legas amma ba su taɓa sa ƙafa a ruwan teku ba, abin da suke gani daga saman gadar Third Mainland shi suke ce wa teku, alhali wannan tafki ne kawai, ainihin tekun yana can baya. Da can akwai Bar Beach inda ake zuwa yawon Sallah, yanzu an cike wurin da yashi an gina Eko Atlantic a kai, sauran wuraren kuma duk an zagaye su sai ka biya kuɗin shiga kiɗa ya cika maka kunne. To shi ya sa da wani abokina mai harkar albasa a Mile 12 ya kawo shawarar mu ɗauki mota mu bi gaɓar nan ta gabas har inda kwalta ta ƙare mu kafa tanti mu kwana, ban yi gardama ba. Ni da shi da ƙanena da wani malami maƙwabcinmu a Agege, sai Hilux ɗin maigidan abokin nawa da aka ba mu aro da sharaɗin a dawo da ita yadda ta fita.

Cikin hunturu muka yi tafiyar, kuma duk mai son yi ya yi ta a lokacin, daga Disamba zuwa Janairu. Da damina tekun nan haukacewa yake yi, hanyoyin ƙauyukan kuma ruwa ke kwanciya a kai.

Ana idar da asuba muka bar Agege saboda gosulon Ajah, wanda ya san titin Lekki zuwa Epe ya san in ka bari rana ta fito to ka ba da rabin yininka sadaka. Sangotedo, Awoyaya, Lakowe, sai mahaɗar Eleko inda ake karyawa dama a nufi ruwa. Daga nan ne za ka fara ganin abin da kuɗi ke yi wa ƙasa. Ga aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024, wai kilomita 700, ga tashar jiragen ruwa ta Lekki, ga matatar Dangote da aka ƙaddamar a watan Mayun 2023 mai ƙarfin tace ganga dubu 650 a rana, katangarta kaɗai sai ka yi ta tafiya ba ta ƙare ba. Tankoki da tireloli jere a gefen hanya, kuma inda duk ka ga tanka to akwai mai shayi, a nan muka karya, Hausa ta ko'ina har ka manta a ƙasar Yarbawa kake. Wani direba da ya ji inda za mu ya ajiye kofinsa ya dube mu ya ce, "Malam, lafiya dai ko? Gidan ne aka kore ku?" Muka yi dariya, amma shi ya ce mana mu cika tanki da jarka a nan kuma mu ciri tsabar kuɗi a hannu, gaba ba lallai mu samu sabis ɗin da za a yi tiransifa ba. Haka kuwa aka yi.

Mun ɗan tsaya a garin Lekki na asali, wanda unguwannin masu kuɗin can suka ari sunansa. Ƙaramin gari ne na masunta, nan aka tsare Obafemi Awolowo a 1962 lokacin dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, wurin yana nan an mai da shi gidan tarihi. Daga nan muka miƙa wajen su Folu da Ise, hanyar da in ka ci gaba da bin ta za ta kai ka Ode Omi a kan iyaka da jihar Ogun. Gidaje suka fara raguwa, kwakwa ta fara yawa, kwalta ta koma jar ƙasa, jar ƙasa ta koma farin yashi.

Yashin nan shi ne jarabawar farko. Hilux mai fowil ce amma muna sauka daga hanya ta tafi kamar taku ashirin ta zauna, ƙanena na ba ta wuta tana ƙara nutsewa har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Samarin ƙauyen da suka zo kallo su suka ce a kashe ta a sace iskar tayoyin, kusan rabi, wai taya in ta yi laushi sai ta baje ta hau kan yashin maimakon ta haƙa shi. Aka tone gaban tayoyin da shebur aka shimfiɗa ganyen kwakwa, aka sa giya ta biyu a hankali ba tare da an danna totur da ƙarfi ba, sai ga ta ta fito. Don haka shebur da famfon iska na hannu ko wanda ake jona wa batir dole ne, mai faci ya yi nisa a wurin, kuma ba za ka hau kwalta da taya a sace ba. Katako mai faɗi ma yana da amfani, jak ba ya tsayuwa a kan yashi sai an ɗora shi a kan wani abu.

Abin da na fi so mutane su ji shi ne wannan, bakin tekun da kake gani fayau ba kowa, yana da masu shi. Kowace kwakwa akwai mai ita, kowane fili na wani dangi ne, kuma mutanen nan sun ga yadda filayen maƙwabtansu suka tafi, yau an zo da mota ana aune-aune gobe an kafa allo, saboda haka baƙuwar mota ta tsaya mutum huɗu su fito suna nune-nune ba abin da za su ɗauka da wasa ba ne. Malam ne ya ce kada a sauke ko tabarma sai an je an gai da baale, wato mai garin. Muka je da goro da ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan, abokina da yake Yarbancinsa ya nuna a kasuwa ya rusuna ya yi bayani, cewa mu 'yan kasuwa ne daga Agege ba sayen fili ya kawo mu ba, kwana kawai za mu yi mu ga ruwa. Dattijon ya yi ta dariya, ya ce Hausawa da ruwa? Sannan ya haɗa mu da ɗansa ya nuna mana inda za mu sauka. Wannan gaisuwar ita ta saya mana barci, don da daddare wasu samari sun zo da tocila suna tambayar wa ya ba mu izini, ana ambaton baale suka ce a kwana lafiya.

Wurin da yaron ya zaɓa mana ba shi muka so ba. Mu mun hango wani shimfiɗaɗɗen wuri kusa da ruwa mai tauri, ya ce a'a, ya nuna mana wani layi na busasshiyar ciyawa da robobi da silifas ɗin da ruwa ya watso, ya ce duk abin da ke ƙasa da layin nan na teku ne, zai dawo ya karɓa. Ruwan yana hawa ya sauka sau biyu a kwana ɗaya, wajen awa shida yana zuwa awa shida yana komawa, kuma kullum lokacin yana yin jinkirin kusan minti 50 a kan na jiya. Ya fi cika a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, wannan lissafin kuwa ba wanda zai koya wa Musulmi shi, Malam ya ƙirga a yatsa ya ce ai yau sha uku ga wata. Muka ce to mu koma ƙarƙashin kwakwa, nan ma ya hana, ya ɗaga hannu ya nuna mana 'ya'yan da ke reto a sama, guda ɗaya ta faɗo daga wannan tsayin a kan mutum ko gilashin mota an gama magana. Sai muka kafa a tsakani, a kan tudu, bayan layin ruwa gaban itatuwa. Turakun ƙarfen da suka zo da tantin ba su riƙe komai a yashi, buhunan albasa muka cika da yashi muka ɗaure igiyoyin a jiki muka binne. Wajen ƙarfe uku na dare na leƙa, wancan wuri mai taurin da muka so babu shi, ruwa ne ke ta birgima a kai.

Maganar wanka kuwa ban da ita. Tekun Legas yana da wani ja da yake yi ta ƙasa, za ka ga wani wuri a tsakanin igiyoyin ruwan ya yi lumui kamar ya fi ko'ina lafiya, to nan ne hanyar da ruwan ke komawa ciki da gudu, ko gwanin iyo ne sai ya yi da gaske. Ƙanena da ya koyi iyo a kogin Hadeja yana ta cika baki, masuntan suka ce masa iyakarsa gwiwa, su da aka haifa a wurin ma ba ko'ina suke shiga ba.

Sallah ta kawo muhawara mai daɗi. Ƙanena ya tambaya ko alwala ta yi da ruwan gishiri, Malam ya ce ta yi mana, akwai hadisi a Muwaɗɗa cewa ruwan teku mai tsarki ne mushensa kuma halal ne, sai dai kurkurar baki da shi sai mai haƙuri. Alƙibla kuma daga Legas ba gabas sak ba ce, gabas ce maso arewa, wato kusan ka juya wa ruwan kafaɗa ka fuskanci itatuwa. Ƙasaru ma an yi ta, tunda mitar mota ta nuna mun haura mil 48 ɗin da malamanmu na Malikiyya suke faɗa, ko da yake abokina ya dage wai mutum bai fita jihar Legas ba ina tafiya a nan.

Da sassafe muka ga jan taru. Tun da duhu kwalekwale ya shiga ya zagayo da shi, sai mutane suka kasu layi biyu a kan tudu suna jan igiya da waƙa, maza da mata da yara, tamkar gayyar noma, wanda duk ya sa hannu yana da rabonsa. Muka shiga layi mu ma. Igiyar jiƙaƙƙiya ce mai kaushi, ba a yi minti goma ba tafin hannuna ya yi ja ya fara ɗurar ruwa, ga wata tsohuwa a gabana tana ja tana taunar asuwaki ko a jikinta. An fi awa biyu kafin jakar tarun ta fito, kuma abin da ya ba ni tausayi, kusan rabin abin da ke ciki leda ce da robar lemo, sauran shawa ne da ƙananan kifaye da kaguwa. Aka ba mu namu a roba, muka gasa a kan ɓawon kwakwa, Malam ya fito da yajin ƙuli daga aljihun jakarsa, wallahi ban taɓa cin kifi irin wannan ba.

Ruwan sha ku ɗauka fiye da yadda kuke zato, rijiyoyin wurin wasu da ɗan gishiri-gishiri, mu jakunkunan fiyawata muka loda kuma saura kaɗan su ƙare don har da su ake ɗauraye jiki, gishirin in ya bushe a fata ƙaiƙayi yake sawa. Sauro bai dame mu ba muddin iskar teku na kaɗawa, amma da ta tsaya gab da asuba sai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya ko ganinsu suka fito daga yashi, gidan sauro ba ya tare su, sai dogon wando da safa. Raɓa kuma tana sauka sosai, duk abin da aka bari a waje da safe sharkaf yake. Garin kwaki, ƙuli, kilishi, kayan shayi da ƙaramar tukunyar gas sun ishe mu, sai dai a yi wa wutar kariya da kwali saboda iska. Sharar da muka tara mun ƙulle ta a buhu mun dawo da ita, tunda mun ga inda take ƙarewa.

Da muka hau kwalta muka mayar wa tayoyi iskarsu, ba mu kai motar gidan mai ita ba sai da muka biya wurin wanki aka ɗaga ta aka bi ƙarƙashinta da ruwan famfo mai ƙarfi, birki da sifirin da duk wani lungu, don gishiri in ya kwana biyu a jikin ƙarfe tsatsa ce ke biyo baya. Yaron da ya wanke ta ya tara yashin da ya zubo ya kusa cika bokiti, ya ce sai mun ƙara masa ɗari biyar.