Ranar da na kai Baba cin abincin Kwarori

Na shafe kusan wata biyu ina lallashin mahaifina kafin ya yarda ya bi ni gidan abincin nan na ƴan Labanan da ke cikin garinmu Maraɗi. A wurinsa, da kuma sa'o'insa da yawa, magidancin da ke da mata da murhu a gida ba shi da dalilin zama a bainar jama'a yana cin abincin saye, sai dai idan tafiya ce ta kama shi, domin yin hakan tamkar faɗa wa duniya ne cewa tukunyar gidansa ta gaza. Abin da ya karya masa gwiwa a ƙarshe shi ne da na ce masa tsohuwar gidan ce da kanta take girki, ɗanta yana karɓar baƙi, jikokinta kuma suna kai kwanuka. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce idan haka ne to gidan mutane za mu je, mu tafi bayan sallar Magariba.

Baba ya san Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya, tun yana yaro, amma sanin da ya yi musu na bakin kanti ne da bakin sikeli. A zamanin da gyaɗa ce ke riƙe da arzikin Maraɗi, kafin farin 1973 da 1974 ya durƙusar da nomanta, ƴan kasuwar Labanan da Siriya suna cikin masu sayenta tare da kamfanonin Turawa, suna ba ƴan gari kuɗi su shiga ƙauyuka su tattaro musu, kuma wasu daga cikin manyan alhazan garin nan ta wannan hanya suka fara tara jari. Kakana manomi ne, yakan ɗoro buhunansa a kan jakuna ya kawo gari, Baba yana biye da shi. Ya sha ba ni labarin yadda ake auna gyaɗa, da yadda daga nan sukan wuce kantin Kwara su yanki yadin Sallah, amma da na tambaye shi ko ya taɓa ganin abin da mutanen nan suke ci a gidajensu, sai ya ce ko kusa, tunanin haka ma bai taɓa zo masa ba. Ina ganin yawancinmu haka muke. Mun san sunansu a Kantin Kwari na Kano, mun san su da atamfa da kayan masarufi, amma an yi shekaru aru-aru ana ciniki tsakanin jama'a biyu ba tare da hannayensu sun haɗu a kwano ɗaya ba.

Wurin ba shi da girma, tebura ne kaɗan a ɗaki ɗaya da kuma wasu a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, kuma a can muka zaɓa saboda iska. Mai gidan, wanda ya kusa shekara 50, ya taso da kansa ya tarbe mu, ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Baba Alhaji, an zo lafiya? Ina gajiya, ina iyali?" Hausarsa irin ta mutanen garin nan ce sak, har da karin harshen Katsinawan Maraɗi, domin a ƙasar nan aka haife shi. Na ga fuskar Baba ta saki nan take. Aka kawo buta da ƙaramin kwano muka wanke hannu, mai gidan kuma ya roƙe mu da mu bar masa zaɓin abin da za a kawo, tun da wannan ne zuwanmu na farko.

Tsarin cin abincinsu ya bambanta da namu ta fuska ɗaya: maimakon babban akushi guda na tuwo da miya, sai a jera ƙananan kwanuka da yawa a tsakiya, kowanne da irin abin da ke cikinsa, abin da suke kira meze. Amma yadda ake cinsa bai zama baƙo a gare mu ba, domin da hannu ake ci, kowa yana yagar gurasa yana dangwala a kwanon da ya ga dama. Gurasar tasu ta fi tamu sirantaka, tana da aljihu a ciki, kuma da zafinta aka kawo ta.

Kwanon da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne na humus. Ana yin sa ne da wani irin wake mai kama da gurjiya, wanda ake jiƙawa ya kwana, a dafa shi har ya yi laushi tuɓus, a niƙa shi da tafarnuwa da ruwan lemun tsami da gishiri, sannan a yaryaɗa man zaitun a kai. Baba ya dangwala sau ɗaya, ya tauna a hankali, ya sake dangwalawa, sai ya ɗago kai ya ce akwai riɗi a cikin wannan abu. Mai gidan ya yi murmushi ya ce gaskiya ne, abin da ke ba shi wannan garɗi shi ne tahina, wato riɗin da aka ɗan soya sama-sama aka niƙa har ya koma ruwa-ruwa kamar tunkuzar gyaɗa kafin a matse mai. Ya ƙara da cewa waken daga waje suke sayo shi, haka ma man zaitun, amma riɗin a kasuwar Maraɗi mahaifiyarsa take saye, ita take wanke shi ta rege tsakuwa, ta shanya, ta kai a niƙa mata. Wannan magana ta tsaya mini a rai ƙwarai. Riɗi amfanin gonarmu ne, muna noma shi a jihar nan, muna ɗura shi a buhu muna sayar wa ƴan kasuwa su fitar da shi ƙasashen waje ɗanye, mu kuma abin da muka fi sani da shi bai wuce kantu da miyar riɗi ba. Ga shi a gabanmu an mayar da shi abin da ake jerawa a teburin baƙi, kuma babu wani inji na musamman da aikin yake bukata wanda matan unguwarmu masu yin ƙuli-ƙuli ba su da shi.

Falafel kuwa Baba ya kira shi ƙosan Larabawa, kuma bai yi kuskure ba, tun da niƙaƙƙen wake ne ake soyawa cikin mai, sai dai ya fi ƙosai tauri da ƙamshin ganye. Kibbe, wanda ake yi da niƙaƙƙen nama da ɓarzajjiyar alkama a cusa masa soyayyen nama da albasa a ciki, shi ne ya fi yi mini daɗi a daren. Tabbule ne kawai bai karɓe mu ba. Yankakken ganyen farsil ne da na'a-na'a da tumatir da ƴar alkama, kuma lemun tsamin ya yi yawa ga harshen da ya saba da kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli da yaji. Na ci kaɗan, Baba ya ture shi gefe cikin ladabi. Da aka kawo gasasshen naman rago a tsinke da wani farin haɗin tafarnuwa mai ƙarfi da suke kira tum, Baba ya ce naman ya yi taushi amma mahautanmu sun fi su iya yaji, kuma a nan na goyi bayansa.

Muna cikin shan gahawa mai ɗaci a ƴan ƙananan kofuna sai tsohuwar ta fito daga madafa, da ɗankwali a kanta, tana goge hannu. Ta gaida Baba da "Alhaji, ina wuni," shi kuma ya amsa da "Hajiya, sannu da aiki, Allah ya saka da alheri." Hausarta ba ta kai ta ɗanta ba, amma ta isa hira. Ta ce daga wani ƙauye na kudancin Labanan take, kusa da birnin Sur na bakin teku, kuma aure ne ya kawo ta ƙasar Hausa jim kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin basasar da ƙasarsu ta yi fama da shi daga 1975 zuwa 1990. Faransa ce ta riƙe Labanan har zuwa 1943, kamar yadda ta riƙe mu har zuwa 1960, kuma wannan yana cikin abin da ya sauƙaƙa wa mutanensu zama a ƙasashenmu. Ta ce tana da niyyar komawa gida ta ƙarasa tsufanta, amma tun da bankunan ƙasar suka riƙe kuɗin jama'a a 2019, sannan tashar jiragen ruwan Bairut ta fashe ranar 4 ga Agustan 2020, sai ƴan uwanta da ke can suka koma su ne ke jiran abin da za ta aika musu. Baba ya yi mata jaje kamar yadda ake yi wa maƙwabci, ya yi addu'a Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ta ɗaga hannu ta ce amin.

Ba zan ɓoye ba, abincin yana da tsada. Mu biyu mun biya jika 14, kuɗin da zai ciyar da gida guda na kwanaki, kuma mun daɗe muna jira kafin naman ya iso, domin mutum ɗaya ce ke kula da kusan komai a madafa. Wuri ne da mai ƙaramin albashi irina zai je sau ɗaya ko sau biyu a shekara, idan ya yi baƙo na musamman ko wani abin farin ciki ya samu.

Da muka tashi tafiya, tsohuwar ta miƙa wa Baba ƴar kwalbar tahina ta ce ya kai wa uwargida, ta kuma ƙi karɓar ko dala a kai. A hanya bai ce komai ba sai da muka kusa gida, sannan ya tambaye ni ko na lura da irin riɗin da ta ce tana so, fari mai manyan ƙwaya. Washegari da safe ya sa aka kira ƙanena da ke kula da gonarmu ta ƙauye, ya ce a ware tiya 5 daga riɗin bana, a sheƙe shi da kyau, ranar Juma'a ni zan kai wa Hajiya.