Inuwar ƙarfe a tashar jirgin ƙasa ta Madina

Abu na farko da tashar Madina ta jirgin Haramain, wato jirgin ƙasan da ke haɗa Madina da Makka, take ba matafiyi shi ne inuwa. Da hantsi motar haya ta sauke mu, ni da Umma, rana ta riga ta buɗe, irin ranar Hijaz ɗin nan mai sa mutum ƙanƙance ido. Taku kaɗan muka yi muka shige ƙarƙashin rufin, sai ga sanyi ya ratsa mu, ido ya huta. Ba duhu ba ne kuma. Haske na nan, amma an tace shi.

Na daɗe a tsaye ina kallon sama. Ginshiƙan na ƙarfe ne, kowanne ya miƙe daga ƙasa shi kaɗai, can sama ya yi rassa, rassan suka lanƙwasa suka haɗu da na maƙwabcinsa suka tayar da baka. Haka aka jera su sahu-sahu, gabas da yamma, kudu da arewa, har mutum ya ji kamar yana tafiya cikin gonar dabino. Rufin kuwa an huda shi da ƙananan tagogi masu yawan gaske, ta nan rana ke leƙowa ɗigo-ɗigo, ba ta samun ƙofar da za ta kwararo gaba ɗaya. Tsakanin baka da baka an rataya manyan fitilu masu zagaye, sun sauko ƙasa-ƙasa, don kada tsayin ginin ya sa mutum jin ƙanƙanta.

Kamfanin Foster + Partners na Landan ne ya zana tashar, tare da 'yan uwanta na Makka da Jidda da Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi da ke kusa da Rabig. Ƙashin ginin iri ɗaya ne a dukansu, launi ne ya bambanta. Makka ta samu ruwan zinare saboda adon rigar Ka'aba, Jidda shunayya, ta Rabig shuɗi da ruwan azurfa, Madina kuwa kore, don tunawa da koriyar ƙubbar Masallacin Manzon Allah (SAW). Abin da ya fi burge ni shi ne ba su ɗauko hoton masallaci suka manna wa tasha ba. Ba ƙubba, ba hasumiya a zauren matafiya. Baka da inuwa da launi kawai suka aro, kuma wanda ya saba zama ƙarƙashin manyan lemomi 250 ɗin nan na harabar Masallacin Annabi zai gane dangantakar ba tare da an faɗa masa ba. A ƙasar da zafi kan haura digiri 40 a bazara, gilashi zalla daga sama har ƙasa da ya zama azaba ga mutane, komai kyansa a hoto.

Umma ba ma'abociyar yabon gini ba ce. Amma na lura tun da muka shiga ta sassauta murya. Muka zauna kusa da wasu dattawa da suka riga suka ɗaura harami, ɗigon hasken nan yana sauka a kan fararen mayafansu da kan dutsen daɓe mai sheƙi. Ta ɗan jima tana dubawa, sannan ta taɓa hannuna ta ce, "Kai dubi ikon Allah, wurin hawa jirgi ne wannan?" Na ce, "Shi ne, Umma." Ta ce, "To Allah Ya saka wa wanda ya tuna da tsofaffi." Kujera da sanyi da rashin turereniya take nufi. An raba hanyar masu tafiya da ta masu isowa, don haka ba ka cin karo da ayarin da ya sauka yana jan akwatuna. Tikitinmu a waya yake, tun a masauki na saya ta intanet da lambar fasfo, a ƙofa na nuna wa na'ura ta buɗe.

Wannan ba ita ce tashar Madina ta farko ba. A unguwar Anbariyya akwai tsohuwar tashar layin Hijaz, ginin dutse na zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sultan Abdulhamid na biyu ne ya sa aka fara shimfiɗa layin a 1900, da gudummawar Musulmi daga ƙasashe da dama, ya taso daga Dimashƙa ya iso Madina a 1908, tafiyar kilomita wajen 1,300. Burin shi ne ya kai Makka, bai kai ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya lalata shi, tashar ta koma gidan tarihi. Sai bayan shekara 110, a watan Satumban 2018, Sarki Salman ya ƙaddamar da layin da ya haɗa biranen biyu masu alfarma, fasinjoji suka fara hawa a Oktoba. Da na tuna haka ina zaune a zauren, sai na ji wurin ya ƙara nauyi a zuciyata.

Jirgin ƙirar Talgo ne na Sifaniya, da lantarki yake aiki, yana kaiwa kilomita 300 a sa'a. Tsawon layin kusan kilomita 450 ne, ana cinye shi cikin awa biyu da 'yan kai, tafiyar da bas kan kwashe awa biyar ko shida a kanta.

Wanda zai yi Umara ya ɗaura haraminsa tun kafin ya zo tasha, domin miƙatin mutanen Madina, Zul Hulaifa, yana bakin gari ne, jirgin ba ya tsayawa a can, kuma ba a daɗe da tashi ba ake wuce daidai da shi. Mu dai muna zama muka shirya niyya, ana yin sanarwa taragon ya ɗauki Labbaika baki ɗaya. Kuma matafiyi ya yi ƙoƙari ya iso da wuri, ko da rabin awa ne kafin lokacin da aka ba shi, don ya samu zama ya ɗaga kai ya kalli rufin nan ba cikin gaggawa ba.