Abin da fitsarin ɓera ke koyarwa game da homon ɗin adrenal

A 1954 Josef Fried da Emily Sabo na kamfanin Squibb a Amurka suka maƙala ƙwayar fulorin guda a gurbi na 9 na ginin hydrocortisone, ɗaya daga homon ɗin adrenal, aka samu fludrocortisone. Maganin kumburi ake nema, an kuwa samu, don ƙarfinsa ya ninka na hydrocortisone wajen sau 10. Amma yadda yake sa jiki riƙe gishiri ya ninka fiye da sau 100. Da aka ƙara methyl a gurbi na 16, kamar a dexamethasone, riƙe gishirin ya kusan ɓacewa.

Duk wannan a jikin ɓera ake auna shi, kuma nan aikin yake yawan lalacewa. Da farko sai an cire adrenal biyun da ke bisa ƙoda, in ba haka ba aldosterone ɗin ɓeran kansa, wato homon ɗin adrenal mai sa ƙoda riƙe gishiri, zai rufe tasirin maganin. Bayan tiyata ruwan shansa ya zama ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin 100. In aka manta, sodiyam ya zube a fitsari, potasiyam ya taru a jini, dabbar ta mutu. Kada kuma a ja kwanaki kafin gwaji, domin wasu ɓeraye suna da ɓurɓushin adrenal a gefe, wanda kan girma ya kama aiki.

Ranar gwaji a yi allurar maganin a ƙarƙashin fata, a ba kowane ɓera ruwan gishiri gwargwadon nauyinsa, a sa shi a keji mai raba fitsari da kashi na awa 4 zuwa 6. A matsa mararsa a hankali ya zubar da fitsari a farko da ƙarshe. Mai koyo kan raina wannan, alhali ɗigon da ya rage a mafitsara ya isa ya karkatar da lissafi. Fitsarin awar farko ma ba abin dogaro ba ne: sai homon ya shiga ƙwayoyin ƙoda sun ƙera sabbin ƙofofin sodiyam kafin a ga canji.

Babban tarkon shi ne duban sodiyam shi kaɗai. Maganin da ke da ƙarfi ta fuskar kumburi yana ƙara yawan abin da ƙoda ke tacewa, sai fitsari ya yi yawa, sodiyam ya fita, a zaci ba ya riƙe gishiri. Shi ya sa ake raba adadin sodiyam da na potasiyam, a gwada allura mataki uku ko fiye, a kwatanta da DOCA, wani homon mai riƙe gishiri da ake ɗauka a matsayin ma'auni.

Sakamakon awa shida kuma ba ya faɗin abin da zai faru a mako. In aka ci gaba da allura, bayan 'yan kwanaki ƙoda kan koma fitar da sodiyam daidai da wanda aka ci, amma potasiyam bai daina tsiyayewa ba, hawan jini kuma yana tafe.