Ƙofa 16, kalmar sirri ɗaya

Talata. Gidan haya ne mai ƙofa 16, dukanmu layin intanet ɗaya muke amfani da shi. Tun da sassafe ƙorafi ya cika rukunin WhatsApp na 'yan gida: alamar Wi-Fi a cike take, amma ko saƙo ba ya fita. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne wasu na hawa lafiya lau, wasu kuwa ko motsi. A ɗaki guda ma sai ka ga wayar miji na aiki, ta matar ba ta yi. Da jin haka na san ba daga kamfani matsalar take ba, domin in layin kamfani ya yanke, kowa yake yanke wa, ba ya zaɓe.

Na karɓi wayar Anti ta ƙasa, na shiga bayanan Wi-Fi na duba adireshin IP da aka ba ta, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a layi. Na gidan nan duk da 192.168.1 suke farawa, nata kuwa 192.168.0 ne. Nan take na gane akwai wata rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi, da ke rabon adireshi a gidan ban da babbar. Yadda abin yake, duk na'urar da ta shigo sai ta yi kira a ba ta adireshi, kuma galibi wanda ya riga amsawa shi take bi. Wannan rabon shi ake kira DHCP, mai rabo ɗaya tak ake so a layi. In suka zama biyu, duk wayar da ta faɗa hannun na biyun an nuna mata hanyar da ba ta ɓullewa.

Sabon ɗan haya na lamba 11 ne. Jiya da dare ya haɗa tasa rautar, sai ya soka kebul ɗin da ya fito daga bango a ɗaya daga cikin ramukan LAN, na haɗa na'urorin cikin ɗaki, maimakon ramin WAN, na shigowar intanet, da ke zaune shi kaɗai a gefe, wanda sau da yawa launinsa ma daban ne. Muka zare muka mayar inda ya dace, na rubuta a rukuni kowa ya kashe Wi-Fi ya sake kunnawa. Ba a yi minti 10 ba aka fara turo godiya. Yaron sai ba da haƙuri yake yi, na ce masa kuskuren nan har waɗanda suka daɗe a aikin suna yin sa.

Da a nan aka tsaya, da yau rana ce mai daɗi.

Na buɗe shafin babbar rautar don in tabbatar komai ya koma daidai. Sunan shiga da kalmar sirrin da ke rubuce a takardar da aka manna a bayanta na gwada, sai ga ta ta buɗe. Ashe tun ranar da aka kafa ta ba wanda ya canza. Jerin na'urori ya nuna 58. Na koma kan kwamfutata na duba abin da take hangowa, ga firintar lamba 4, ga talabijin guda 5 da sunayen masu su a jiki, ga wata kwamfuta da ta bar jakar fayiloli a buɗe, ga kyamarar cikin ɗaki ta wani gida. Ban taɓa ko ɗaya ba, amma jikina ya yi sanyi, domin abin da na gani yaro mai wasa da waya ma zai gani.

Na sami Baba mai kula da gidan a bakin get yana duba littafin mita. Na ce, Baba, akwai magana a kan intanet ɗin nan. Ya ce, ai an ce ka gyara, Allah ya yi albarka. Na ce wancan an gyara, amma gidan a buɗe yake. Ya ɗago kai ya ce, ɗana, wane irin buɗe kuma, ba da kalmar sirri ake shiga ba? Haruffa 12 ne fa, ni kaina sai na duba takarda.

Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai duk yinin nan, don ba Baba kaɗai ke tunanin haka ba. Kalmar sirrin Wi-Fi makullin get ce. Tana hana na waje shigowa, amma duk wanda ya shigo yana tsakar gida ɗaya da kowa, kuma a tsarinmu na yanzu ɗakunan ba su da ƙyaure. Haka na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, to ai duk mutanen kirki ne a gidan nan, wa zai leƙa wani? Na ce, Baba, ban zargi kowa ba. Amma wayar mutumin kirki tana iya ɗauko muguwar manhaja bai sani ba, ita kuma aikinta ta bi layi tana laluben ƙofar da ba a rufe ba. Sannan 'yan haya nawa suka tashi tun da aka sa kalmar nan? Baƙi nawa aka ba? Duk wanda ya taɓa shiga, in ya tsaya kusa da katanga wayarsa da kanta za ta haɗu.

Ya tambaye ni kai tsaye, yanzu in matata ta tura kuɗi ta waya, maƙwabci na gani? Na ce a'a, kuma gara a faɗi gaskiya kada a tsorata mutane a banza. Manhajar banki, WhatsApp, da duk shafin da adireshinsa ya fara da https, abin da ke cikinsu a kulle yake tafiya, na kusa da kai ba ya karantawa. Abin da ke fili daban ne. Mai riƙe da rauta yana iya sanin sunayen shafukan da kowace na'ura ta nema da lokacin da ta nema, ko da bai ga abin da aka yi a ciki ba. Wanda ya samu shiga saitin rauta kuwa yana iya sauya DNS, wato mai nuna wa waya hanyar kowane shafi, ya karkatar da gidan gaba ɗaya zuwa shafin bogi. Shi ya sa kalmar da ke manne a bayan akwatin ta fi ta Wi-Fi tayar mini da hankali. Akwai kuma raunin WPA2, tsarin kulle Wi-Fi, in kalma ɗaya ce ga kowa: wanda ya san ta, ya kuma kama lokacin da wayarka ke gaisawa da rauta, zai iya warware ƙullin da ke tsakaninku a iska. Sabon tsarin, WPA3, da ya fito a 2018 ya toshe wannan, sai dai tsofaffin na'urori ba sa gane shi, don haka ake sa saitin da ya haɗa biyun.

Wani abin da 'yan haya ba sa lura da shi: a idon duniya dukanmu adireshi ɗaya gare mu. In wani ya yi ɓarna ta layin nan, sunan wanda ya yi rajistar layin ne a takardar kamfani. In wani shafi ya toshe adireshin saboda mutum ɗaya, gida 16 ya toshe. Da na faɗi wannan sai Baba ya gyara tsayuwa, don ya san sunan wa ke kan takardar.

Ya ce, to me kake so a yi? Na ce na farko a canza kalmar shiga saitin rauta yau, a rubuta a ba maigida ya adana. A kashe WPS, hanyar shiga Wi-Fi da danna maɓalli ko lamba maimakon kalmar sirri, domin tun 2011 aka gano lambarsa mai alƙaluma 8 ana iya cankarta cikin gwaji kusan 11,000. A duba ko akwai sabuwar manhajar rautar a ɗora. Sai babban, a kunna saitin da ke hana na'urori ganin juna, wanda a yawancin rautoci sunansa AP Isolation, ko a mayar da 'yan haya kan layin baƙi, a hana shi taɓa na cikin gida. Kowa zai fita intanet, amma ba mai hango na kusa da shi.

Ban ɓoye masa illar ba. Da zarar an kunna wannan, wayarka ma ba za ta ga talabijin ɗinka ba, ba za ka tura bidiyon YouTube kansa ba, kwamfutarka ba za ta ga firintarka ba, saboda saitin bai san na wane ɗaki ne wane ba. Nan ne mutane ke fushi su ce a mayar yadda yake. Maganin da na fi yarda da shi shi ne abin da yaron lamba 11 ya so yi bai iya ba: kowane sashe ya sa ƙaramar rautarsa, kebul daga bango ya shiga WAN, da sunan Wi-Fi ɗinsa da kalmarsa. Kayansa na ganin juna a ciki, na waje ba ya ganinsu. Abin da za a rasa kaɗan ne, wasu wasannin intanet da kyamarar da ake son kallo daga nesa kan yi gardama idan rauta na bayan rauta. In maigida zai kashe kuɗi sosai, akwai na'urorin da ke ba kowane sashe kalmarsa da keɓantaccen layinsa, VLAN ke nan, ɗan haya na tashi a goge tasa kawai ba tare da an dami kowa ba.

Baba ya ce, canza kalma fa shi ne tashin hankali, ƙofa 16 za su zo kaina. Na ce a buga ta a lambar QR, kowa ya haska da kyamara ya shiga. Ya ce zai kira maigida, shi ba ya taɓa akwatin nan sai da izini. Gaskiyarsa ce, ban ja ba.

Da rana na bi gidaje 3 da suka yarda. A Windows a sa layin a matsayin Public, a kashe raba fayil da firinta. A waya a bar saitin da ke ɓoye adireshin MAC, wato lambar shaidar wayar a Wi-Fi, a kunne, iPhone tun iOS 14, Android tun 10. Anti ta tambayi VPN. Na ce yana ɓoye wa mai rauta shafukan da kike shiga, amma ba ya rufe firinta ko kyamara, su suna nan a tsakar gida.

Ƙarfe 9 na dare an dawo kan kukan kullum, sabis ya yi nauyi. Layin megabit 100 ne, in aka raba wa gida 16 kowa 6 da ɗoriya, Netflix kuwa megabit 15 yake nema ga 4K. Talabijin 5 sun kusa cinye shi. Amma abin da ya fi kashe kiran bidiyo ba saukewa ba ne, ɗorawa ce: waya ɗaya na kwashe hotuna zuwa Google Photos sai ta cika hanyar fita, kowa ya shiga layi a bayanta. A saka iyaka a QoS, saitin rauta da ke tsara rabon gudu, kaɗan ƙasa da ainihin ƙarfin layin. Rautoci in sun yi yawa a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz a raba su tashar 1, 6 da 11, faɗi 20 MHz, na kusa su koma 5 GHz duk da bango na cin sa. Na'urar ƙara zango da ke bene na biyu kusan rabin gudun take zubarwa, kebul ya fi ta, muddin bai wuce mita 100 ba kuma duk siraran wayoyi 8 na cikin kebul ɗin sun kama. In 4 ne kawai, a megabit 100 zai tsaya.

Duk wannan na iya jira. Kyamarar ce ba ta bar ni ba. Sunan kamfanin da ya ƙera ta kawai take nunawa, ba lambar ɗaki, kuma irin waɗanda ake sawa don kallon jariri ce. Na so in rubuta a rukuni, sai na tuna yin haka tamkar nuna wa mutum 30 inda take ne. Na tura wa Baba saƙo ya tambayi masu ƙananan yara ɗaya bayan ɗaya, a hankali, a ce su cire ta daga wuta har a gyara.

Ya amsa da cewa maigida bai ɗaga waya ba, amma shi Baba gobe ƙarfe 10 zai zo da makullin akwatin. Yanzu 11 saura na sake dubawa, kyamarar na nan a jerin.