Kar ka ɗaure wutsiyar injin iska

Ɗan ƙanwata ya kira ni in zo in ga aikinshi nan Tawa, wai ya haɗa injin iska mai ba da kuran, wato wutar lantarki, fuka-fukai ukku na tiyon roba, ya kafa bisa soro. Ina dubawa na ga waya ta fito daga injin ta shiga regilater na pano, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga faifan hasken rana, wutsiyar kuma an yi mata walda ta tsaya cak. Na ce ɗana wa ya sa ka? Ya ce Kawu ai in wutsiya na lanƙwashewa kuran raguwa yake. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganata ce yaron ya maimaita.

Ni ma haka na yi a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke muna kuran cikin watan Agusta, gari duhu, firijin maiɗakina na ƙanƙara ya tsaya. Na sayi inji wurin wani ɗan kasuwa, an rubuta wat 1000 jikin kwali. Abin da ban kula ba, wannan 1000 ɗin sai iska ta kai wajen mita 12 a daƙiƙa. Ƙarfin iska ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya, in gudunta ya ninka biyu ƙarfin ninkawa yake takwas, in ya ragu rabi kuma kashi ɗaya cikin takwas za ka samu, ke nan a mita 6 wat 125 ne. Na ga batir bai cika, sai na ɗora laifi ga wutsiya, wadda anka yi ta da gangan don ta kauda fuskar injin in iska ta yi yawa. Na kai aka liƙe ta. Kuma gaskiya da hunturu ya shigo kuran ya ƙaru, ina ta kuri a fada, ban yarda cewa wauta ce zalla ba, mutum na da iyali kuma ba wanda ya yi min bayani.

Regilater kuwa na pano na sa don shi nake da shi, na iska da tsada. To na pano in batir ya cika yanke layi yake, pano bai damu ba. Injin iska kuwa in ka cire mishi kaya, wato abin da ke jan kuran nashi, sai ya zama amalanke a gangare ba birki. Na iska na gaskiya juya kuran yake zuwa wani ƙarfe mai zafi ya ƙone shi a banza, don dai injin ya zauna da nauyi. Farkon damina hadari ya taso daga gabas da ƙura, batir cike, wutsiya a liƙe. Lissafa da kanka, ƙarfin iskar mita 20 ya ninka na mita 5 sau 64. Wayoyin ciki sunka ƙone, fiffike ɗaya ya tsinke ya huda kwanon maƙwabcina, Allah ya kiyaye ba kowa a ɗakin. Na biya kwano, kunyar ce har yau ban gama biya ba. Ko da yake irin hadarin nan ko injin kirki zai ji jiki.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa amma ku yaran yanzu ba ku karanta abin da ya wuce layi ukku, bidiyon minti ɗaya kun zama injiniyoyi. To ku ji. Tun 1919 wani Bajamushe Albert Betz ya nuna ba injin da zai kwashi fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iska, duk mai yi maka alkawarin fiye da haka maƙaryaci ne. In kana son kuran da yawa ka sayi regilater na iska mai MPPT, shi ke ƙara kaya ko ragewa don bakin fiffike ya riƙa gudu wajen ninki 6 zuwa 7 na gudun iska, nan injin mai fiffike ukku ya fi ba da ƙarfi. Manyan injina ma da kwamfuta ke murɗa fuka-fukansu tsayawa suke in iska ta kai wajen mita 25, kai wane ne?

Ku auna iska kafin ku kashe ko dala. Masu manyan ayyuka, irin tashar injinan iska mai megawat 250 da anka sa hannu a 2022 za a yi a Tarka cikin jihar nan tamu, sai sun auna shekara guda ko fiye. Amma kai ina ka ga kuɗin na'urar awo, kafa ƙarami ka gani kawai, ka sauke shi daga soro ka ɗora bisa dogon ƙarfe nesa da itace da gini, don iskar cikin unguwa a hargitse take. Kai in ma haske da cajin waya kake nema, ƙara pano biyu ka huta, rana ba ta yi muna rowa a Adar.